Gorar da Aka Jiƙa wa Wata

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muna jan ƙofa. Mu uku ne: ni, da ƙanena da ya taso daga Unguwar Rimi da motarsa, da maƙwabciyata wadda ƙauyensu za mu. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da ƙafar yawo. Daga ɗaki sai madafa, daga madafa sai ƙofar gida in mai kayan miya ya wuce. Rabona da in wuce Kawo har na manta. Shi ya sa da aka ce an gan ni a mota, wasunku suka yi ta kira suna tambaya ko lafiya. To ga labarin tun daga tushe, in huta da maimaitawa.

Dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyarmu. Bayan rasuwar Babanmu muka ɗauko ta daga ƙauyenmu can ƙasar Zazzau muka kawo ta wurina a Abakpa, don ba wanda ya rage a gidan sai ƙadangaru, ga ta da hawan jini, magani safe da yamma. Muka gyara mata ɗaki na gani na faɗa. Bulo da siminti, kwano sabo, fanka a sama, har tayil ƙanena ya sa aka shimfiɗa. Muna ganin mun yi abin kai. Da bazara ta shigo sai ɗakin ya koma tanda. Wuta kuwa kun san halinta, ta leƙo ta gaishe ka ta koma. Inna ta yi ƙuraje daga wuya har gadon baya, ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Wuni take yi tana jan tabarma tana bin inuwar katanga. Sau biyu ana ba ta gado a asibiti.

Inna ba mai yawan magana ba ce, kuma ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Ran nan, bayan ruwa ya ɗauke, ta ce, "Ke, zo nan. Na ci bazara ɗaya a gwangwanin nan, ba zan ci ta biyu ba. Sanyi na wucewa ku mai da ni ɗakina." Na ce, "Inna, wa zai duba ki a can?" Ta ce, "Wanda ya duba ni kafin a haife ki." In Inna ta yi magana da wannan murya, to an gama. Ni kuwa na sani, in ta koma gidan nan ita kaɗai, wata rana waya kawai za a yi mana.

Maƙwabciyata ce ta kawo shawara. Ta ce tana da kawu, tsohon magini, har yanzu yana gina ɗakin ƙasa ya rufa da gora, kuma in ka shiga da tsakar rana sai ka nemi mayafi. Muna da ɗan fili a bayan gida inda nake kiwon kaji, maigida ya ce ya bar mini. Ƙanena ne ya so ya turje. Ya ce, "Yaya, a tsakiyar Kaduna? Mutane su ce mun kasa riƙe uwarmu mun kai ta akurki?" Na ce, "Su faɗa, in dai tana raye suna faɗa." Washegari ya ce in sa rana. Inna kam ba mu gaya mata ba. Cewa muka yi za mu raka maƙwabciya gaishe da mutanensu.

Gari bai gama wayewa ba muka iso Kawo, amma tasha har ta cika. Masu shayi sun hura wuta, 'yan kamasho na ta kiran Zariya da Kano kamar garuruwan za su gudu. Ni dai ina manne da gilas ina kallo kamar baƙuwa, a garin da na haifi 'ya'yana duka. Inda na sani da itatuwan mangwaro yanzu shaguna ne, bene bisa bene. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajen da aka fara aka bari. Bulo ya kai taga ya tsaya, ciyawa ta fito a ciki, wani har bishiya ta girma a falonsa. Ƙanena ya ce siminti ne ya kore masu su, abin da ka saya jiya ba shi za ka saya gobe ba.

A Rigachikun muka tsaya karin kumallo wurin wata mai ƙosai da koko a bakin titi. Ƙosan ya yi daɗi, ba zan ci amanarta ba, sai dai ya ƙanƙance, yanzu guda bai wuce a jefa a baki kamar ƙwayar magani ba. Kokon kuma da tsamiya aka yi shi ba da gasara mai kwana ba, na ji a harshena. Doya sabuwa jibge a gefen hanya, da dankali, da rake an jingina shi kamar sojoji. Na taya doya, da na ji kuɗin sai na ce wa mai ita gaishe ta kawai na zo yi.

Muna gaba kaɗan ƙanena ya taka birki. Wani mutum ne ya tara gora a bakin hanya, irin wadda masu ginin bene ke saya su tokare rufi kafin siminti ya kama. Dogaye, miƙaƙƙu, sun bushe sun yi launin zuma. Ƙanena ya ce, "Yaya, ga abin da za mu nema nan a kan kwalta. Me zai kai mu daji? Mu saya, mu samu magini a gari, kafin azahar muna gida." Mai gorar kuwa ya kama rantsuwa, ya ce irin wannan har jikoki.

Ni ban san gora ba. Amma na san wake. Shekara da shekaru ina ajiye buhun wake a ɗakina, kuma tun kafin a ga rami a jikin ƙwaya nake jin in ƙwaro ya shiga. Da na matsa kusa da tarin nan, mota ta wuce, wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, sai na ji shi. Ƙiris, ƙiris, ƙiris, can ciki, kamar ana taunar ƙanzo a ɗakin maƙwabta. Na kara kunnena a jikin guda ɗaya. Yana nan. Na ce, "Akwai mai ci a cikin nan." Mai gora ya yi dariya ya ce, "Hajiya likita ce?" Ƙanena ya kara nasa kunnen ya ce shi bai ji komai ba sai ƙarar tirela. Na ce, "Kai da ko kiran Inna ba ka ji sai an yi uku." Muka rabu a kan zai sayi guntu ɗaya mu tafi da shi, in tsoho ya yaba, mu dawo mu kwashe.

Bayan Mararrabar Jos muka saki kwalta muka kama hanyar ƙasa. Nan ne motar ƙanena ta san ta bar Unguwar Rimi. Damina ta cinye hanyar, rami na bin rami, kowane ta faɗa sai ya ce "Innalillahi" kamar a jikinsa. Gonaki dama da hagu, an karya masara, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa. Mata na dukan waken suya a kan shimfiɗa. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu, tun ina amsawa da baki har na koma ɗaga nawa. Maƙwabciyata kuwa tun da ta shaƙi iskar garinsu bakinta ya buɗe, wannan gonar wane ce, wancan rafin ne ya taɓa tafiya da akuyarsu.

Hantsi ya ɗaga muka isa. Kawun nata muka tarar a ƙofar gida, dogon tsoho siriri, ƙafafunsa sun yi fari da busasshiyar laka har gwiwa. Yana jera tubali a rana, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu, gindi faffaɗa kai tsini kamar kan sukari na da. Aka gaisa, aka tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Sannan ya ce mu shiga daga ciki, rana ta fara.

'Yan uwa, gani ya kori ji. Ina sa ƙafa a ɗakin nan na ji kamar an ɗora mini tsumma mai ruwa a ƙeya. Ba fanka, ba komai. Bango mai kauri, ya kai kamu ɗaya da rabi. Na ɗaga kai, ga gora an jera ta tsaf, ɗaya manne da ɗaya, ta yi ja ta yi sheƙi. Ya ce a kanta akwai zana, a kan zana akwai ƙasa, can sama kuma ya kifa kwano da ɗan rata tsakani, don ruwan yanzu ba irin na da ba ne, in ya sauko kamar da faɗa. Gindin bangon kuma dutse ne har gwiwa, saboda gara da damshi. Wani ƙamshi ke tashi a ɗakin, irin na sabuwar tukunya in an zuba mata ruwan fari. Ƙamshin ɗakin da aka haife ni ne. Ban san sanda hawaye ya zo ba. Ƙanena ma da ke ta magana a mota sai ya zauna a bakin gado ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Da muka faɗi abin da ya kawo mu, ƙanena ya je ya ɗauko guntun gorar nan. Tsoho bai ma karɓa da hannu biyu ba. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya ɗauki adda ya tsaga ta gida biyu. Sai ga gari na zuba a ƙasa, fari sol, kamar an kwance ƙullin tuwo. Ya ce, "Wannan da farin wata aka sare ta, kuma ba ta ga ruwa ba. Ta masu bene ce, su kwana kaɗan suke so ta yi musu. In ka rufa wa mutum ɗaki da ita, shekara biyu ƙasar sama za ta sauko masa a ka." Maƙwabciyata ta gaya masa yadda na ji ƙwaron da kunne. Ya dube ni ya ce, "'Yata, da namiji ce ke da na riƙe ki a wurin aiki." Na kalli ƙanena, shi kuma ya kalli rufi.

Sai dai ban daɗe ina jin kaina ba. Da ya kai mu bakin rafi inda gorar take, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kurmi guda, tushe-tushe, kowane tushe ya fi ɗakina faɗi, sun yi sama sun haɗe kai, iska na kaɗa su suna kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ya ce in nuna wadda nake so. Na zaɓi wata koriya shar, mai kauri, jiki sumul. Ya ce, "Rake kika zo saya?" Ashe wannan 'yar bana ce, cikinta duk ruwa da zaƙi, abincin ƙwaro. Wadda ake so ita ce mummunar, wadda ta dushe ta yi tabo-tabo, ta ci damina uku ko huɗu. Ya buga ta da bayan adda ta amsa da ƙarfi, ƙwal. Ya buga tawa ta ce bus. Ko ni na ji bambancin.

A nan bakin rafin ya yi mana magana mai tsawo, shi da ba ya ɗaga murya. Ya ce a zamanin mahaifinsa da azara ake rufi, wato katakon giginya. Amma giginya kafin ta isa sara, wanda ya ga tsirowarta ya yi furfura, kuma in ka sare ta ka sare ke nan. An yi ta sara ba a shukawa, yau duk yankin sai ka yi tafiyar wuni ba ka ga guda biyar ba. Gora kuwa in ka ɗauki tsofaffin ka bar matasan, damina na zuwa za ta aiko da wasu. Ya nuna mana wani wuri can ƙetare, fili fetal, gaɓar rafin ta zube. Ya ce nan ma kurmi ne shekarun baya, wasu suka zo da mota daga birni suka aske shi tas a kwana biyu, babba da yaro. Da ruwa ya zo bai tarar da saiwar da za ta riƙe ƙasa ba, ya tafi da gonar mutum biyu. Shi a wurinsa, tushe ɗaya ba ya ɗaukar fiye da abin da zai iya saɓawa a kafaɗa sau biyu. Ƙasar gini ma, in ji shi, aro ce. Ka ɗebo ta a bayan gida, ka zauna cikinta iya kwananka, in ɗakin ya faɗi jikanka ya jiƙa ta ya sake mulmulawa, ko ya shuka gero a kai.

Na ce, "To Baba, yaushe za a sara mana?" Ya ɗaga kai kamar yana duba sama. Ya ce yanzu wata na tsakiyar haskensa, sai an jira ya yi duhu. In an sara, a nutsa ta a rafi a danne da duwatsu kwana arba'in, ruwa ya wanke zaƙin. In an tsamo, a jingine a inuwa, ba a rana ba, wata biyu, don kada ta tsage. Sannan a yi rufi. Ina tsaye ina lissafi da yatsu a cikin mayafi. Na ce, "Baba, wannan ai sai mangwaro ya nuna." Ya ce, "Ko ya wuce." Na ce ba za a iya ragewa ba? Ya ce, "Za a iya. Wanda ya sayar muku da waccan ai ragewa ya yi."

Ban san yadda na dawo daga rafin nan ba. Sanyi zai wuce, zafi ya shigo, Inna ta tafi, ɗaki bai samu ba. Mun sha hanya, mun ga abin da muke nema da idonmu, ga shi kuma ba zai zo a kan kari ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, da man shanu a kai, irin abincin da in a gida ne sai na side kwano, amma loma uku na yi na tsame hannu. Ƙanena ya fara maganar ko a sayo wa Inna na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Na ce masa wadda ƙarar fanka ma ke hana ta barci.

Da muka fito alwalar azahar sai na lura da wani ɗaki a gefen gidan. Bango huɗu a tsaye, ba rufi. Ruwa ya cinye kan bangon ya yi masa kwari-kwari, kabewa ta yaɗu a ciki har ta leƙo ta taga. Na tambayi maƙwabciyata a hankali. Ta ce na matar kawun ne. Shekara arba'in da wani abu suna tare, ɗakinta ya tsufa, bara ya ce zai yi mata sabo da hannunsa. Ya tayar da bango, ya sari gora ya jiƙa ya shanya, saura rufi kawai, ta kwanta ciwon kwana shida, Allah Ya karɓi abinsa. Tun daga ranar bai sake taka ƙofar ɗakin ba, kuma ba wanda ya isa ya yi masa maganarsa. Na yi mata addu'a. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Bayan salla tsoho ya daɗe zaune a kan buzu yana jan carbi. Can ya ce, "'Yata, ita tsohuwar ta san kun zo?" Na ce a'a, so muke mu yi mata ba-zata. Ya girgiza kai. Ya ce, "Kabari kaɗai ake yi wa mutum ba a tambaye shi ba. Wancan na kwanon da kuka yi mata, kun tambaye ta?" Ya ce, "Kira mini ita."

Sabis a garin wuri ɗaya yake, gindin wata ɗorawa a bayan masallaci, nan kowa ke zuwa ya yi waya a tsaye. Muka ɗunguma can. Ƙanena ya kira gida, aka kai wa Inna wayar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "Ba ni maginin."

Suka gaisa kamar sun san juna. Tana jin harshensa ta ce, "Malam, wannan baki ai na Kano ne." Ya ce iyayensa ne suka zo daga can. Ta ce, "To yara, ku riƙe aljihunku." Ya ce, "Hajiya, Bazazzagiya ai ba a cutarta, sai dai a yi haƙuri da ita." Rabon da in ji dariyar Inna tun Babanmu na da rai.

Daga nan ta koma yi masa tambaya kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Ƙasar da zai kwaɓa, kwana nawa zai bar ta ta ruɓa da ciyawa? Ya faɗa. Ta ce ya ƙara biyu. Gorar fa, ta yaushe ce? Ya ce, "Ta bara ce. Ta sha ruwa kwana arba'in, ta sha inuwa, tana rataye a saman madafa hayaƙi na bugunta. Na jiƙa wa wata ne, ba ta jira ba." Tsofaffi ba sai an yi musu bayani ba. Ta ce, "Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta a ɗakin da ya fi wannan sanyi." Ya ce amin, ya juya mana baya yana gyara rawani.

Can ya juyo. Ya ce, "Hajiya, bango nawa ne, rufi nawa ne. Amma ƙasan ɗaki ba aikin maza ba ne. Ko in bar wa ɗanki ya zuba siminti?" Inna ta ce, "Ya zuba a ɗakin matarsa." Ta ce daɓe za a yi. Ga waɗanda suka tashi a birni, daɓe shi ne a baza tsakuwa da jar ƙasa, mata su taru su yi ta bugu da wani katako mai faɗi da ake kira madaɓi, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ja ta yi santsi kamar bayan ƙwarya. Tsoho ya ce, "A Kaduna wa ya iya?" Inna ta ce, "Ba wanda ya iya. Wannan da ke tsaye kusa da kai ko riƙon madaɓi ba ta sani ba. Sai na tsaya a kansu."

Kafin mu tafi ya kai mu madafa ya nuna mana gorar, an ɗaure ta dami-dami a sama, hayaƙi ya mai da ita kamar jan ƙarfe. Na kara kunne, na daɗe. Ba kowa a ciki. Ƙanena ya fara maganar abin da za a bayar, tsoho ya ɗaga masa hannu. Ya ce ladan aikinsa zai karɓa in ya gama, amma gorar ba ta sayarwa ba ce, tana da mai ita, a riƙa sa ta a addu'a. Ya ce wata na yin duhu zai taho da ita a a-kori-kura, ya fara kwaɓa ƙasa. Ya cika mana buhu da makuba. Har mun shiga mota ya ce mu dakata, ya koma ciki, ya fito da madaɓi guda ɗaya ya miƙo mini ta taga. Na gane na marigayiyar matarsa ne.

Ƙanena ya matsa mu kama hanya da sauran rana, kun san yadda hanyoyinmu suke yanzu, ba mai son magariba ta same shi a daji. Mun wuce mai gorar bakin titi, yana ɗaga mana hannu, ƙanena ya yi masa hon ya wuce. A Rigachikun ya tsaya da kansa ya sayi doyar nan da na gaisar da safe, ya ce ta Inna ce. Muka shigo Kawo cikin cunkoson masu tashi daga aiki, muka isa Abakpa ana shirin kiran magariba.

Ba mu tarar da Inna a gindin katanga ba. Tana bayan gida, ta sa an janye akurkin kaji, ta ɗebi toka a murhuna ta zana ɗaki a ƙasa, kusurwa huɗu, ta bar gurbin ƙofa ta yamma. Ta ce gabas ta ruwa ce, mai hankali ba ya buɗe mata ƙofa. Ba ta ce mana sannu da hanya ba sai da ta gama nuna mana inda gado zai zauna. Na miƙa mata madaɓin. Ta juya shi, ta auna nauyinsa, ta shafa wurin riƙo inda hannu ya cinye itacen ya yi kwari. Ta sa nata hannun a gurbin, ya zauna daidai. Ta ce, "Mai wannan ta yi aiki."

Ni dai abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na gane gini yana da lokacinsa kamar shuka, wanda ya rage masa kwana a kansa zai sauka. Na gane abin da muke ƙyama muna cewa na ƙauye ne, masu shi sun san dalilin kowane abu da suke yi, mu ne muka daina tambaya. Wanda ya fi yi mini ciwo kuma, shekara guda muna yi wa Inna hidima, abinci, magani, asibiti, ba ranar da ɗayanmu ya zauna ya ce, Inna, yaya kike so a yi?

Har yanzu ba ta ce ta fasa tafiya ba, kuma na san ba za ta faɗa ba, ba halinta ba ne. Amma da ƙanena ya durƙusa zai yi mata sallama, sai ta ce, "Kai, ran Asabar ka je gida can ƙauye. A ƙuryar ɗakina akwai randata, ka naɗe ta da bargo ka kawo mini. In ka fasa ta, kada ka dawo."